Ƙawata ta ce in sa hannu a canja darasin duwatsu a makarantar 'yata

Assalamu alaikum Baba. Ni mutuniyar Sakkwato ce, muna zaune da maigida da yara a wani ƙaramin gari a jihar Fensilbaniya ta Amurka. Babbar yarinyata tana aji tara, shekararta 14. A bana aka fara koya masu ilimin duwatsu, ta dawo gida tana cewa duniya ta yi shekara biliyan 4.5. Ina da ƙawa a wurin aiki, Kirista ce mai riƙo da addininta, wadda ta tsaya mini tsayin daka lokacin da na yi jinya. Ita ta ce mini ƙarya ake koya wa yara, duniya ba ta wuce shekara 6,000 ba, kuma ruwan Ɗufana ne ya shimfiɗa duk duwatsun da ake gani. Cocinsu na tara sa hannun iyaye don a matsa wa hukumar makarantun gundumarmu ta riƙa koyar da ɓangarorin biyu a ajin kimiyya. Ta ce ai mu ma mun yi imani da Annabi Nuhu, in sa hannu, in kuma kai wa matan masallacinmu takardar. Maigida kuwa cewa ya yi a cire yarinyar daga ajin, in ta ƙi ji a mayar da ita gida wurin kakarta. Ita ko ta cika ɗakinta da tsakuwa, wai abin da za ta karanta a jami'a ke nan. Ina tsoron imaninta, ina kuma jin nauyin ƙawata. Baba, yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya raya zuri'a, Ya albarkace su.

Kada ki sa hannu, kada ki kai takardar nan masallaci, kuma ki lallashi maigida ya bar jikata a ajinta. Na san tsoron da ke ranki tsoro ne na uwa ta gari, shi ya sa ba zan bar ki da umarni kawai ba, sai na zayyana miki dalilai.

Lissafin shekara 6,000 ba daga Alƙur'ani ya fito ba. Wanda ya fi shahara da shi wani babban limamin coci ne a ƙasar Ailan, James Ussher, wanda a 1650 ya bi shekarun zuriyoyin da aka jera a Littafin Farawa da sauran littattafan Tsohon Alkawari, ya haɗa da tarihin sarakuna, ya ce an halicci duniya a shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Daga baya aka riƙa buga wannan adadi a gefen shafin Baibul na Turanci, har mutane da yawa suka ɗauka yana cikin nassin. Su kansu Kiristoci ba su taru a kansa ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka assasa ilimin duwatsu a Ingila limaman coci ne da suka fita daji suna neman alamun Ɗufana. Ɗayansu, Adam Sedgwick na jami'ar Kambrij, ya miƙe a gaban taron masana a 1831 ya janye maganarsa ta da, ya ce tarin tsakuwa da yashin da yake jingina wa ruwan Annabi Nuhu ba shi ya kawo su ba. Bai bar limanci ba, bai kuma bar imani ba. Ra'ayin da ƙawarki take kai sabon tashi ne a Amurka: wani mai suna George McCready Price ya farfaɗo da shi a littafinsa na 1923, sannan John Whitcomb da Henry Morris suka baza shi cikin coci-coci da nasu littafin a 1961.

Mu a wajenmu, Allah Ya ce Ya halicci sammai da ƙasa a cikin kwana shida, bai kuma faɗa mana shekara nawa ke nan da yin haka ba. A Suratul Hajji Ya ce yini ɗaya a wurinSa kamar shekara dubu ne cikin lissafinmu, a Suratul Ma'arij kuma Ya ambaci yinin da tsawonsa shekara dubu hamsin ne. Gaskiya ne za ki iya cin karo da ruwayar cewa duniya shekara 7,000 za ta yi a wasu tsofaffin littattafan tarihi. Amma Ibnul Ƙayyim, a cikin Al-Manarul Munif, ya lissafa wannan hadisi cikin na ƙarya, Ibnu Hazmin kuma tun kafin shi ya ce mu ba ma yanke wa duniya wani adadi sananne. Ɗufana ta auku kamar yadda Allah Ya faɗa, babu Musulmin da ke shakka. Sai dai babu aya ko hadisi ingantacce da ya ce ita ta shimfiɗa kowane falalen dutse a doron ƙasa. Idan kika sa hannu, kin ɗora wa addininki kayan da bai ce ki ɗauko masa ba, ranar da kayan suka zube kuma yarinyar za ta zaci addinin ne ya zube.

To su masu duwatsun, ina suka samo nasu adadin? Ki ba ni hankalinki a nan, don ina so ki iya zama da 'yarki ku yi maganar ba tare da kin ji an bar ki a baya ba.

Duk wanda ya taɓa leƙa rijiya ana haƙa ta ya san ƙasa hawa-hawa take: jar ƙasa, marmara, yumɓu, yashi, kuma na ƙasa ya riga na sama kwanciya. A garinku Sakkwato ma akwai abin kallo. Farin dutsen da ake fasawa a Kalambaina ana yin siminti da shi cike yake da ɓawon halittun teku. In kika ɗauki gutsure kika juya shi a rana, za ki ga zanen kwanson a jikinsa, wani a naɗe, wani a buɗe kamar tafin hannu. Teku ne ya taɓa kwanciya a ƙasar Sakkwato kusan shekara miliyan 60 da suka wuce. A ƙarƙashin wannan hawan akwai wanda ya girme shi, inda aka tono ƙasusuwan wani ƙaton dabban ruwa mai kama da ƙadangare, har masana suka raɗa masa suna da sunan Goronyo. A Gadufawa ta Nijar, tsakiyar yashin Tenere, an tono kada mai tsawon da ya haura mita 9. Tun wajen shekara dubu da suka wuce Al-Biruni ya dubi duwatsun filayen Indiya, ya ga manya a kusa da tsaunuka, ƙanana a nesa, yashi a bakin teku, ya ce wannan ƙasa teku ce a da, koguna suka cike ta. Malami ne Musulmi, da idonsa da hankalinsa ya yi aiki.

Ambaliya guda, komai girmanta, ba ta iya barin abin da ake gani a cikin waɗannan hawa. A babban kwazazzabon nan na jihar Arizona, wanda zurfinsa ya haura kilomita ɗaya da rabi, akwai hawan dutsen da asalinsa tudun yashin hamada ne da iska ta tara, da sawun ƙananan dabbobi a kai ɗaya bayan ɗaya, ga kuma hawan teku a ƙarƙashinsa can da samansa. A wasu wurare ana samun laka da ta bushe ta tsattsage kafin wata ta rufe ta, ana samun gishiri mai kaurin gaske wanda sai ruwa ya ƙafe yake taruwa. Hamada da busasshiyar laka ba sa samuwa a tsakiyar ruwan da ya rufe duniya.

Adadin shekarun kuwa daga ma'adinai ake karanta shi. Yuraniyam, irin wanda ake haƙa a Arlit, yana rikiɗa a hankali ya koma dalma, da saurin da aka auna aka sake aunawa. Akwai shi iri biyu: ɗaya sai ya yi shekara biliyan 4.47 kafin rabinsa ya rikiɗa, ɗayan kuma shekara miliyan 704. Akwai wani ɗan ƙanƙanin ƙwayar dutse da ake kira zirkon, bai fi ƙwayar yashi ba, wanda lokacin da yake daskarewa yakan karɓi yuraniyam ya ƙi dalma. Saboda haka dalmar da aka tarar a cikinsa yau, a cikinsa aka haife ta. Sai a auna iri biyun daban-daban, in lissafinsu ya zo ɗaya an san ƙwayar ba ta yi yoyo ba. Mafi tsufan da aka samu, a yammacin Ostareliya, ya kai shekara biliyan 4.4. Clair Patterson kuma a 1956 ya auna dalmar duwatsun da suka faɗo daga sama, waɗanda sa'annin duniya ne, ya sami shekara biliyan 4.55, kuma duk awon da aka yi bayansa da na'urorin da suka fi nasa bai gusa da wannan adadi ba sai kaɗan. Idan takardun cocin sun ce miki awon kabon ba abin dogaro ba ne, ki sani ba da shi ake auna duwatsu ba. Shi na ƙashi da itace da gawayi ne, kuma iyakarsa wajen shekara 50,000.

Saura shari'a, wadda ita ce ƙawarki ba ta ba ki labarinta ba, wataƙila don ita ma ba a ba ta ba. Faɗan nan ya shekara ɗari ana yin sa. A 1925 jihar Tenesi ta haramta koyar da cewa mutum ya samo asali daga wata dabba, aka gurfanar da wani malami, John Scopes, a garin Dayton, aka ci shi tarar dala 100. Irin waɗannan dokoki sun zauna har 1968, lokacin da wata malamar makaranta a Akansas, Susan Epperson, ta kai ƙara Kotun Ƙoli ta rushe su. Da hani ya gagara, sai aka koma neman a raba lokaci daidai, wato ainihin abin da takardar ƙawarki ke nema. Akansas ta yi doka a 1981 cewa duk inda aka koyar da juyin halitta, wato cewa halittu sun samo asali ne daga wasu halittun da suka gabace su, a koyar da abin da suka kira kimiyyar halittar Ubangiji, kuma dokar ta rubuta ƙarara cewa wannan ya ƙunshi bayyana duwatsu da ambaliyar da ta game duniya, da cewa duniya ba ta daɗe ba. Kin san su wa suka kai ƙara? Sunan da ke kan shari'ar na wani fasto ne, William McLean, tare da shi akwai bishop-bishop na Katolika da Methodist da wasu ɗariku, da ƙungiyoyin Yahudawa. Masu addini ne suka ce ba su yarda gwamnati ta ɗauki fassarar coci guda ta sa mata rigar kimiyya ba. A Janairun 1982 alƙali William Overton ya soke dokar. A 1987 Kotun Ƙoli ta soke irinta ta jihar Luwiziyana, alƙalai bakwai suka rinjayi biyu.

Na kusa da ke shi ne na garin Dover, a nan jiharku. A 2004 hukumar makarantun garin ta ce a riƙa karanta wa 'yan aji tara, sa'o'in 'yarki, wata sanarwa da ke nuna masu wani littafi mai cewa tsarin halittu aikin wani mai hikima ne, ba tare da an ambaci sunan Allah ba. Malaman kimiyya suka ƙi karantawa. Iyaye 11 suka kai ƙara. A kotu aka fito da tsofaffin rubuce-rubucen littafin, aka ga bayan hukuncin 1987 ne aka bi aka goge kalmar halitta aka maye gurbinta da sabuwa, sauran zancen yana nan yadda yake. Alƙalin, John Jones, mai zuwa coci ne, kuma shugaba George Bush ƙarami ne ya naɗa shi. A Disambar 2005 ya yanke hukunci mai shafi 139 cewa addini ne aka shigo da shi ta bayan gida. Gundumar ta biya sama da dala miliyan ɗaya kuɗin lauyoyi, daga aljihun da ake sayen littattafan yara, mutanen gari kuma tun kafin hukuncin suka kayar da 'yan hukumar takwas a zaɓe. Har yau ana ta gwada wasu dabaru, Luwiziyana ta yi sabuwar doka mai laushin harshe a 2008, Tenesi a 2012, amma hukuncin 1987 yana nan daram.

Abin da duk waɗannan hukunce-hukunce suka dogara a kai shi ne gyara na farko a kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya hana gwamnati kafa addini ko fifita wani. 'Yata, ki dubi inda kike zaune. Ku 'yan tsiraru ne a ƙaramin gari. Wannan katangar da ake so ki taimaka a rushe, ita ce ta hana a tsayar da 'yarki a aji a koya mata aƙidar wani da sunan darasi. Ranar da aka ce a koyar da ɓangare na biyu, wa kike jin zai rubuta shi? Ba limamin masallacinku ba ne. Labarin halitta na Littafin Farawa za a kawo, yadda coci guda ta fahimce shi, malamin da ba ki san aƙidarsa ba ya koyar, a kuma ba yarinyar maki a kai. Ni ban ga ribar Musulmi a nan ba ko ta anini.

Ba cewa nake iyaye su naɗe hannu a kan komai ba. A 2025 iyaye Musulmi da Kirista a jihar Merilan sun yi nasara a Kotun Ƙoli kan a ba su damar janye ƙananan 'ya'yansu daga karatun wasu littattafan labari da suka shafi aure da jinsi. Amma ki lura, 'ya'yansu kawai suka nemi janyewa, a kan tarbiyya, ba su nemi a canja wa 'ya'yan kowa abin da awo ya tabbatar ba.

Ƙawarki ta yi miki halacci, kuma halacci ba a manta shi. Ki same ta ku biyu, ba a gaban mutane ba, ki ce mata kin gode da ta tuna da ke, kin yi imani Allah ne Ya halicci komai kamar yadda ta yi, amma addininki bai ƙayyade wa duniya shekaru ba, don haka ba za ki sa hannu a kan abin da ba ki yi imani da shi ba. Kada ki shiga gardamar duwatsu da ita. Mai riƙon addini ta san darajar mutum ya ƙi sa hannu saboda addininsa. Ki ci gaba da kai mata abinci ranar salla, ki je mata jaje da barka kamar da.

Maigida kuma ki bi shi da lalama, a lokacin da ransa ke sanyi, don shi ma tsoron da kike ji ne yake ji, ya dai fito masa ta wata hanya. Ki tuna masa cewa ko an kai ta gida, darasin yana can yana jiran ta: juyin halitta na cikin manhajar bayoloji ta jarrabawar WAEC, kuma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai sashe guda na ilimin duwatsu, inda malamai masu salla biyar suke koyar da shekarun nan da ita take faɗa. Da wannan ilimi ake gano inda za a haƙa rijiyar burtsatse a sami ruwa, da shi ake neman man fetur da kuza da zinariya. Yarinyar da ta tashi daga ƙasar da mata ke tafiya mai nisa neman ruwa, ta ce duwatsu take so ta karanta, addu'a ta kamace ta. Zuwa wurin kaka abu ne mai kyau, a kai ta hutu ta ga dangi, ta ji Hausa, a biya da ita Kalambaina ta tsinci nata dutsen. In aka mayar da tafiyar horo, abin da za ta koya shi ne tambaya laifi ce a gidanku, daga nan kuma sai ta daina kawo maku tambayoyinta, ta kai wa intanet.

Akwai wuri guda da ba zan ɓoye miki ba. Shekarun duniya ba su da karo da nassi, amma nan gaba a ajin bayoloji za a zo kan asalin ɗan Adam, kuma a can akwai tambaya ta gaske. Mu mun yi imani da halittar Annabi Adamu yadda Alƙur'ani ya faɗa. Masana halittu kuma suna da hujjojinsu na ƙasusuwa da na ƙwayoyin gado, waɗanda ba a kore su da cewa ƙarya ce kawai. Kada ki gaya mata ba su da hujja, don za ta gani da idonta, sai ta daina yarda da ke a sauran abubuwa. Ni ba mai fatawa ba ne. Tun yanzu ki fara cigiyar malami ko malama da suka yi karatun addini mai zurfi suka kuma san kimiyya, akwai su a manyan masallatan biranen Amurka, cikinsu har da likitoci da malaman jami'a. Ki kai ta da kanki, ki zauna ki ji, ki bar ta ta yi tambayarta har ta ƙare ba tare da an zare mata ido ba.

A makaranta, abin da ake nema gare ta shi ne ta san abin da masana suka gano da yadda suka gano shi. Ba wanda doka ta ba ikon tilasta mata ta ce babu Mahalicci, kuma malami ba shi da hurumin yi wa addininta ba'a a aji. In hakan ta taɓa faruwa, ki rubuta ranar da abin da aka faɗa, ki nemi ganin malamin, in bai gyara ba ki wuce wurin shugaban makaranta. Kafin nan, ranar da aka kira taron iyaye da malamai ki je, ki nemi a nuna miki manhajar zangon gaba, don ku san abin da ke tafe ku riga shi tattaunawa a gida. Karatunta na Alƙur'ani kuma kada ya tsaya ko na mako guda. In kun zo Suratul Ankabut, aya ta 20, inda Allah Ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Ya fara halitta, ku tsaya ku karanta tafsirinta tare da babanta.

Ki gaishe mini da maigida da yaran.